Yadda Ake Kiwon Kyanwar Ragdoll: Kamanninta, Halinta da Kulawar da Take Buƙata

Yawancin kyanwoyi idan ka ɗauke su, jikinsu a ɗaure yake, idonsu na kan hanyar da za su bi su dira. Ragdoll kuwa sai ta saki jiki gaba ɗaya a hannunka, kai ya kwanta a kafaɗarka, ƙafafu suna reto, ko kaɗan ba ta kawo wa ranta cewa kana iya sakinta ba. Daga nan ta samo sunanta, wato 'yar tsanar tsumma. Wannan yarda da ɗan Adam ita ce ke sa mutane son ta, ita ce kuma ke jefa ta cikin haɗari. Ba ta da zafin kare kanta, ba ta cika kuka ba ko tana cikin ciwo, ba ta guje wa baƙo. Duk wanda zai ajiye ta sai ya yarda shi ne zai riƙa lura da abin da ita ba za ta nuna masa ba.

Jinsin bai daɗe a duniya ba. Wata mai kiwon kyanwoyi, Ann Baker, ce ta samar da shi a garin Riverside na jihar Kalifoniya a Amurka, a farkon shekarun 1960, daga 'ya'yan wata farar mage mai dogon gashi da ake kira Josephine. Baker ta riƙa zaɓen masu girman jiki da sanyin hali tana haɗa su. A 1971 ta kafa ƙungiyar rajistarta da sharuɗɗa masu tsauri, har wasu masu kiwo, ciki har da Denny da Laura Dayton, suka ɓalle a 1975 suka nemi manyan ƙungiyoyi su amince da jinsin. Ya isa Ingila a 1981, CFA, wata babbar ƙungiyar rajistar kyanwoyi ta Amurka, ta ba shi cikakken matsayin shiga gasa a shekarar 2000, daga baya ya yi shekaru a jere yana kan gaba a yawan rajista a ƙungiyar.

Akwai wani labari da ya biyo jinsin tun daga farko: wai mota ce ta buge Josephine, shi ya sa zuriyarta ke sakin jiki, kuma wai ba sa jin zafi. Raunin da uwa ta ji ba ya sauya abin da 'ya'yanta za su gada. Ragdoll na jin zafi kamar kowace mage. Labarin nan ya cuci kyanwoyi, domin ya sa wasu na barin yara su ja su, su matse su, da sunan ai ba sa ji.

Mataki na farko: ka san kamanninta kafin ka fita nema

Babbar mage ce. Muzurun da ya gama girma na kaiwa kilo bakwai zuwa tara, macen kuma kilo huɗu da rabi zuwa bakwai. Jikinta dogo ne, ƙirji faffaɗa, ƙashi mai nauyi, wutsiya doguwa mai yalwar gashi. Ba ta gama girma da wuri, takan kai shekara huɗu tana cikowa. A ƙasan cikinta akwai wata fata mai ɗan kitse da ke lilo idan tana tafiya. Halitta ce, ba teɓa ba.

Idanun shuɗɗa ne. A ƙa'idar da aka san jinsin da ita, babu Ragdoll mai koren ido ko rawaya.

Launinta na da ban sha'awa, kuma saninsa zai hana a ruɗe ka. Duk ɗan Ragdoll fari fat ake haihuwarsa. Sinadarin da ke sanya wa gashinsa launi ba ya aiki sai a inda jiki ya fi sanyi, cikin uwa kuwa ko'ina ɗumi ne. Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai kunnuwa da hanci da wutsiya da ƙafafu su fara duhu, gangar jiki ta tsaya da haske. Launin ba ya kammala sai ya shekara biyu ko uku, kuma yana ƙara duhu da tsufa. Idan likita ya aske wani wuri don aiki, gashin da zai fito yakan fi na kewaye duhu na ɗan lokaci, saboda fatar wurin ta sha sanyi. Kada wannan ya tayar maka da hankali.

Launukan da aka sani shida ne: ruwan ƙasa mai duhu sosai, ruwan toka, ruwan cakulan, toka mai haske, ja, da ruwan madara, wasu kuma da zane-zane a fuska da ƙafafu. Tsarin launin iri uku ne. Akwai mai duhun fuska da ƙafafu ba tare da fari ba, akwai mai fararen dagi kamar ta sa safa da farar haɓa, sai kuma mai farin ƙirji da ciki da ƙafafu, wadda fari ya hau fuskarta ya yi tsini a goshi. Babu wanda ya fi wani hali ko lafiya, sai dai abin da idonka ya fi so.

Mataki na biyu: ka auna halinta da rayuwarka

A nan ne mutane da yawa ke yin gaggawa. Ragdoll mage ce mai bin mutum daga ɗaki zuwa ɗaki. Za ta tare ka a bakin ƙofa, ta kwanta kusa da ƙafarka, ta jira ka a ƙofar banɗaki. Muryarta ƙasa-ƙasa ce. Ba ta damu da hawa can sama ba, ta fi son kujera ko gado. Tana koyon sunanta da sauri, da yawansu kuma suna ɗauko abin wasa idan an jefa. Tana zama lafiya da yara da sauran kyanwoyi, har da kare mai hankali.

Sai dai mage mai irin wannan shaƙuwa ba ta jure kaɗaici. Idan gidanka a rufe yake wuni daga safe zuwa dare, kullum, ko dai ka ɗauki biyu su riƙa ɗebe wa juna kewa, ko ka nemi wani jinsin da ya fi iya zama shi kaɗai. Wadda aka bari ita kaɗai takan rage cin abinci ko ta ci ya wuce kima, ta yi ta lasar jikinta har gashi ya zube, ko ta fara fitsari a inda ba ta saba ba. Ba taurin kai ba ne, damuwa ce.

Kuma ba kowace Ragdoll ce ke son a ɗauke ta ba. Wata za ta fi son ta zauna a gefenka, jikinta na taɓa naka, amma ƙafafunta a ƙasa. Ka bar ta a haka. Idan a gidan akwai mai yin atishawa ko ƙaiƙayin ido in ya kusanci kyanwa, ya je ya zauna da su tukuna ya gani. Abin da ke jawo hakan yana cikin yawu da fatar mage ne, Ragdoll ma tana da shi.

Mataki na uku: zaɓen mai kiwo da ɗan kyanwa

Kada ka yi cinikin biri a sama. Hotunan 'yan kyanwa masu shuɗin ido sun cika intanet, kuma ba duk mai farin gashi da shuɗin ido ne Ragdoll ba. Ka je da ƙafarka ka ga uwar tare da 'ya'yanta, ka ga inda suke kwana. Ka nemi takardar asalin zuriya daga ƙungiyar da aka sani, kamar CFA ko TICA, ko GCCF ta Birtaniya, ko FIFe.

Takardar da ta fi wannan muhimmanci a wurina ita ce ta gwajin zuciya. Ciwon da ya fi addabar jinsin shi ne kaurin tsokar zuciya, wanda likitoci ke taƙaitawa da HCM. Bangon zuciya na yin kauri, wurin da jini zai shiga ya ƙanƙance. A 2007 masu bincike suka gano wani sauyi a ƙwayar gadon da ake kira MYBPC3 da ke jawo shi a Ragdoll, kuma da ɗan yawu ko jini ake gwada shi. Wadda ta gaji kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, ita ta fi shiga haɗari, ciwon na iya kama ta tun tana ƙarama. Ka ce a nuna maka sakamakon uwa da na uba. Sakamako mai kyau na rage haɗari sosai, amma ba ya kawar da shi, domin ciwon na da wasu dalilan. Shi ya sa mai kiwo na gari ke kai manyan kyanwoyinsa a yi musu hoton zuciya lokaci-lokaci. Ka tambayi gwajin ciwon ƙoda na gado shi ma. Wanda tambayoyin nan suka ɓata wa rai, ka kama gabanka.

Ba a raba ɗan kyanwa da uwarsa kafin mako goma sha biyu, wasu masu kiwo ma sai goma sha huɗu. A makonnin nan yake koyon wasa ba tare da cizo mai zafi ba, da yin ba-haya a wurinsa. Ka duba idanu babu kwantsa, hanci babu majina, kunne ba baƙin datti, ƙarƙashin wutsiya ba alamar zawo, dasashi kuma ja-ja mai haske. Wanda ya zo yana shinshinar hannunka ya fi wanda ya maƙale a lungu alamar an saba masa da mutane.

Mataki na huɗu: shirya gida da kwanakin farko

Ka ware ɗaki ɗaya mai shiru. A gefe guda abinci da ruwa, a can nesa akwatin ba-haya, sai wurin kwanciya da wani kwali da zai ɓuya a ciki. Ka buɗe akwatin da ka ɗauko shi, ka zauna a ƙasa, ka bari ya fito da kansa. Bayan 'yan kwanaki, idan yana ci yana wasa, a buɗe masa sauran gidan. Idan akwai wata dabba, su fara jin ƙamshin juna ta ƙarƙashin ƙofa kafin su haɗu ido da ido.

Komai nata sai babba. Akwatin ba-haya ya kai tsawon jikinta sau ɗaya da rabi, kuma ƙa'idar ita ce akwati ɗaya ga kowace mage sannan a ƙara ɗaya. A kwashe shi kullum. Sandar da za ta riƙa wasa farce ta zama doguwa mai nauyin gindi, wadda ba za ta faɗi ba idan mage mai kilo takwas ta miƙe ta jingina da ita.

Ragdoll magen cikin gida ce. Ba ta san tsoron mota ba, ba ta iya faɗa da kare ko baƙon muzuru ba, kuma duk wanda ya miƙa hannu zai iya ɗaukar ta ya tafi. A sa raga a tagogi da baranda. Idan kana so ta sha iska, ka saba mata da ɗamarar ƙirji da igiya tun tana ƙarama, ko ka killace mata wuri. A kawar da zare da roba da allura, domin idan ta haɗiye zare yana iya yanka hanji. Furen lili kuwa kada ya shigo gidan ko kaɗan: ganyensa, garin furensa, har ruwan da aka jiƙa shi, duk suna kashe ƙodar mage cikin kwanaki.

A koya wa yara ɗaukarta da hannu biyu, ɗaya a ƙarƙashin ƙirji ɗaya a tallafe ƙugu, kuma a sauke ta har ƙasa. Mage mai nauyi da ta saki jiki ba a cilla ta da tunanin ai za ta dira da ƙafa.

Mataki na biyar: abinci da ruwa

Mage maciyiyar nama ce ta asali. Jikinta ba ya haɗa wani sinadari da ake kira taurine yadda zai ishe ta, sai ta samu daga nama, rashinsa kuwa na kawo makanta da raunin zuciya. Don haka a ba ta abincin kyanwa da aka rubuta cikakke ne, wanda ya dace da shekarunta. Abincin kare ba ya wadatar da ita, ragowar abincin mutane ma haka. Ƙarami na ci sau huɗu a rana, a rage zuwa uku, idan ya kai wata shida a koma biyu. Ya ci gaba da abincin ƙanana har ya shekara. Duk sauyin abinci a yi shi a hankali cikin mako guda zuwa kwana goma, ana cakuɗa sabo da tsoho.

Ƙiba ita ce tarkon wannan jinsi. Ba mai yawan guje-guje ba ce, gashi na rufe jikinta, mai ita kuma na cewa ai dama babba ce. Kada ka dogara da ido. Ka shafa gefen ƙirjinta: ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba. A auna abinci, a ɗora ta a sikeli duk wata, a yi wasa da ita na minti goma zuwa sha biyar sau biyu a rana, da sanda mai gashin tsuntsu a ƙarshenta ko ƙwallo. Idan ta riga ta yi ƙiba, a rage sannu a hankali da shawarar likita. Mage mai kitse da ta daina ci kwana biyu ko uku, kitse na iya taruwa a hantarta, wannan kuwa ciwo ne mai kisa.

Kyanwoyi ba su cika shan ruwa ba, Ragdoll kuma na cikin waɗanda ake samu da tsakuwar mafitsara. Abinci mai ruwa-ruwa na gwangwani ko leda na taimakawa ƙwarai. A ajiye kwanon ruwa mai faɗi a wurare biyu ko uku, nesa da abinci, a sauya kullum. Madarar shanu na sa yawancin manyan kyanwoyi zawo. Albasa da tafarnuwa na lalata jajayen ƙwayoyin jininsu, ko ɗanye ko dafaffe. Cakulan, inabi da dafaffen ƙashi su ma a nisanta su.

Mataki na shida: gashi, farce da haƙora

Gashinta mai laushi ne kamar siliki, matsakaicin tsawo, ya fi yawa a wuya da bayan cinyoyi. Gashin da ke ƙarƙashin na sama ba shi da kauri kamar na jinsin magen Farisa, don haka bai cika cukurkuɗewa ba, amma kada a ce ba ya buƙatar taza. Sau biyu a mako da mataji na ƙarfe ya isa, a lokacin zubar gashi kuma kullum. Ka fara daga inda take jin daɗi, kumatu da wuya da baya, sannan ka gangara inda gashi ke dunƙulewa: hammata, bayan kunnuwa, ciki, da ƙarƙashin wutsiya. Ka tabbata haƙoran mataji sun kai fata, ba saman gashi kawai kake shafa ba. Idan ka tarar da dunƙule, ka riƙe gindinsa da yatsu, ka warware daga baki zuwa ciki. Kada ka sa almakashi, fatar mage siririya ce kuma tana shiga cikin dunƙulen. Wanda ya ƙi warwaruwa a aske shi da injin aski. Taza na rage gashin da take haɗiya, wanda ke sa ta amai.

Wanka sai in ta ɓaci, da sabulun kyanwa da ruwan ɗumi. Farce a rage tsininsa duk mako biyu zuwa uku, farin bakin kawai, kada a kai jan wurin da jijiya take. Cire farce gaba ɗaya yanke gaɓar yatsa ne, ƙasashe da yawa sun haramta shi, kuma zalunci ne. Haƙora a riƙa gogewa da man da aka yi don kyanwa, ba na mutane ba. Duk waɗannan, idan aka fara su tun tana 'yar wata uku, a hankali, da ɗan abin daɗi a ƙarshe, za ta girma tana miƙa wuya.

Mataki na bakwai: likita, da alamomin da ba a jira da su

Ka kai ta wurin likitan dabbobi a makon farko. Rigakafin ƙanana na farawa daga mako takwas ko tara, a maimaita duk mako uku zuwa huɗu har wajen mako goma sha shida. Yana kare ta daga ƙwayoyin cuta biyu masu kawo murar kyanwoyi, da wata mai lalata hanji da garkuwar jiki. Allurar ciwon haukan kare ana yin ta daga mako goma sha biyu. Likita zai tsara maganin tsutsar ciki da na ƙuma, ko da ba ta fita. Idan ba kiwo za ka yi ba, a yi wa namiji fiɗiya, mace a cire mata mahaifa, tsakanin wata huɗu zuwa shida. Hakan na rage fesa fitsari da neman fita, a mace kuma yana rage haɗarin sankarar mama da ruɓar mahaifa.

Abu biyu na kashe kyanwoyi a hannun masu son su. Na farko farasitamol: hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Na biyu maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin, wanda ke sa ta karkarwa da farfaɗiya. Kada ka ba ta kowane maganin mutum ko na kare sai likita ya ce.

Tun da ba za ta yi maka ƙorafi ba, ka koyi ƙirga numfashinta. Idan ta yi barci, ka kalli ƙirjinta, ɗagawa da sauka ɗaya ke nan, ka ƙirga na minti guda. Mai lafiya ba ta wuce talatin. Ka riƙa yi sau ɗaya a mako kana rubutawa. Idan adadin ya haura talatin kuma ya tsaya a haka, wataƙila ruwa ne ya fara taruwa a huhu saboda zuciya, kuma sau da yawa wannan ce alamar da ke fara bayyana. A je asibiti ranar.

Wasu alamomin ko awa ɗaya ba a ba su. Mage da ke numfashi baki buɗe. Mage da ƙafafunta na baya suka mutu farat ɗaya, suka yi sanyi, tana kuka: gudan jini ne daga zuciya ya toshe babbar jijiya. Muzurun da ke shiga akwati yana fita, yana nishi, fitsari ba ya zuwa ko yana ɗigowa da jini: mafitarsa ce ta toshe, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu yana iya mutuwa. Mutane kan ɗauka kashi ne ya ƙi fita, su ce a bari zuwa gobe. Haka nan ɗan kyanwa mai zazzaɓin da ba ya sauka, yana ramewa cikinsa na kumbura, a hanzarta da shi.

Akwai kuma alamomi masu zuwa a sannu. Wadda ta saba tarbar ka ta daina, wadda ta koma kwana a ƙarƙashin gado, wadda gashinta ya hargitse don ta bar gyara kanta, wadda ta daina hawa kujerar da take so. A irin wannan mage mai son mutane, janye jiki ciwo ne har sai likita ya tabbatar ba shi ba ne.

Ragdoll kan rayu shekara goma sha biyu zuwa sha biyar, wasu su zarce. Tana ƙuruciya, ganin likita sau ɗaya a shekara ya isa, ya saurari zuciya ya duba haƙora da nauyi. Idan ta kai shekara goma a mayar da shi duk wata shida, a haɗa da gwajin jini da fitsari da awon hawan jini, domin ciwon ƙoda na fara aiki tun kafin a ga alama. Yawan shan ruwa, yawan fitsari da rama su ne abin lura. A wannan shekarun gaɓoɓi kan yi mata tsami, sai a sauya mata akwatin ba-haya mai gajeren baki, a sa ɗan matakala kusa da gado, a matso da ruwa kusa da inda take kwanciya, kai kuma ka ƙara yawan taza, tun da yanzu ba ta iya lanƙwasa ta kai bayanta da harshe.